Ni Da Ɓarauniyar Hanya

Yau kam sai ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye alƙalamin ƙagaggen labari a gefe, domin abin da zan ba ku a kaina ya faru, a cikin ɗakina. Har gobe idan na tuna wani sashe nasa nakan yi dariya ni kaɗai, wani sashen kuwa sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Ranar Asabar ce, 5 ga watan Yuni na 2021. Na idar da sallar asuba, na ɗora ruwan koko a wuta, sai na jawo wayata don in duba ko an samu masu neman littafi cikin dare. Kwana goma ke nan da fitar sabon littafina, hankalina duk yana kan ciniki. Na taɓa Twitter, sai ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Na ce to, data ce ta ƙare. Ban tsaya dubawa ba na sayi ta naira dubu, shiru. Na kashe wayar na kunna, shiru. Har sim ɗin na zare na hure shi da baki, na goge da gefen zanina na mayar, duk a banza.

Ina cikin wannan fama sai ga ɗana na fari, wanda alkunya ba za ta bar ni in ambaci sunansa ba, ya dawo daga masallaci. Ya tsaya yana kallona yana murmushi.

"Umma, ki daina wahalar da kanki, ai an rufe Twitter cikin daren nan."

Na ce, "Wa ya rufe? Masu shi?"

Ya ce, "Gwamnati."

Abin da ya faru shi ne, ranar 1 ga Yuni marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wani rubutu a shafinsa yana gargaɗin masu kai hare-hare a Kudu maso Gabas, har ya tuna musu da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Washegari kamfanin Twitter ya goge rubutun, ya ce ya saɓa wa ƙa'idarsa. Ranar Juma'a 4 ga wata sai Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwar dakatar da Twitter a Nijeriya har sai abin da hali ya yi, bisa hujjar cewa ana amfani da dandalin wajen yi wa haɗin kan ƙasa zagon ƙasa. Abin dariyar ma, a kan Twitter ɗin ne ma'aikatarsa ta saka sanarwar. Kafin gari ya waye kamfanonin layukan waya sun bi umarni, sun garƙame ƙofa.

Wani zai ce, ke mai rubuta littattafan soyayya, me ya haɗa kifi da kaska? To mai karatu, abincina ne ya haɗa mu. Lokacin da na fitar da littafina na farko a 2003, hanya ɗaya ce: ki buga, ki kai wa 'yan littattafai na Kasuwar Sabon Gari, su raba zuwa Kaduna da Gusau da Sakkwato har Maraɗi da Damagaram, ke kuma ki riƙa zuwa kina karɓar kuɗinki kaɗan-kaɗan. Wannan kasuwa ta ja baya, takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma cikin waya. Idan kiɗa ya canja dole rawa ta canja. Sai na koma ina saka shafukan farko kyauta, wadda labari ya kama ta ta tura kuɗi asusuna na banki, ni kuma in tura mata sauran. WhatsApp shi ne cikin shagona, inda tsofaffin abokan ciniki suke. Twitter kuwa shi ne bakin titi, inda baƙuwar fuska take wucewa ta hango ni: ɗalibai 'yan jami'a, da matanmu mazauna Saudiyya da Ingila da Malesiya masu kewar Hausa. Da wannan ɗan ciniki nake taimaka wa Baban yara da kuɗin makaranta. Ka ga ke nan rana ɗaya aka gina katanga tsakanin shagona da titi.

Yaron nan ya karɓi wayar, ya yi 'yan danne-dannensa, ko minti biyar bai yi ba ya miƙo mini. Ga Twitter ya buɗe sarai, kamar ba a yi komai ba. A can saman wayar kuma na ga hoton wani ɗan mabuɗi da ban saba gani ba.

Na ce, "Kai, wane irin siddabaru ne wannan?"

Ya ce, "VPN ce Umma." Ya fara kwararo mini bayani da Turancinsu na jami'a, na ce ya dakata, ni iyakata sakandare, ya yi mini da Hausa. Da ya gama sai na kwashe da dariya, domin na gane abin da yake nufi sarai. Ai mu marubuta mun fi shekara talatin muna rubuta VPN a littattafanmu, sai dai da sunan 'yar aike muka san ta.

Kun san yadda labarin yake. Uba ya hana saurayi zuwa, ya ajiye yayan yarinya a zaure yana gadi. Yarinya ta rubuta wasiƙa, ta naɗe, ta cusa a ƙarƙashin farantin wata 'yar talla mai goro. Mai gadin zaure 'yar talla kawai ya gani ta fita, bai san akwai saƙo ba. Ita ce za ta kai wa saurayi, ta karɓo amsa, ta dawo da ita a ƙarƙashin faranti. To haka abin yake. An umarci kamfanin layi cewa duk saƙon da aka rubuta adireshin Twitter a bayansa ya mayar da shi. Ita manhajar VPN sai ta ɗauki saƙona ta rufe shi a cikin wani ambulan mai kulle, ta rubuta adireshin wata babbar kwamfuta da ke wata ƙasa, irin wadda masana ke kira uwar garke. Kamfanin layi ya ga wasiƙa za ta Holan, ba ya cikin abin da aka hana, sai ya bar ta ta wuce. Can a Holan a buɗe ambulan, a miƙa wa Twitter, a karɓo amsa, a sake rufewa a aiko mini. Ina zaune a Kano ina tankaɗen garin tuwo, shi kuwa Twitter ya ɗauka ina birnin Amsterdam. Yawan 'yan Nijeriya da suka bi wannan ɓarauniyar hanya ya sa a kwanakin nan maganganunmu na gida suka riƙa hawa sahun gaba a jerin abubuwan da ake tattaunawa a ƙasashen Turawa, masu ƙasar suna ta mamaki.

Murnata ba ta je ko'ina ba, domin a ranar ne Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin a gurfanar da masu karya wannan hani. Baban yara ma'aikacin gwamnati ne, mutum ne mai gudun abin magana. Da dare ya ji labari a rediyo, ya kira ni.

"Hajiya, na ji an ce kin sa abin nan a wayarki. Ki cire shi. Hukuma ta ce a bari, ke ba kya jin bari ne?"

Na ce, "Alhaji, ni ba zagin kowa nake yi ba, littafi nake sayarwa."

Ya ce, "Ɓarawon da ya haura katanga ma cewa yake yi yunwa ce. Idan kowa zai zaɓi dokar da zai bi, ina za a kwana?"

Na ce, "Ai shagona na haura na shiga, ba gidan wani ba."

Muka yi ta yi har dare ya raba. Ban ƙi maganarsa gaba ɗaya ba, domin na ga irin ƙarya da ƙiyayyar da ake watsawa a dandalin nan, wadda ta isa ta tayar da gari. Amma na kasa gane yadda za a rufe kasuwa sukutum saboda an samu masu faɗa a cikinta. A ƙarshe ya ce in yi abin da na ga dama, amma kada sunansa ya fito. Ranar 22 ga Yuni kotun ƙungiyar ECOWAS ta ba da umarnin wucin gadi cewa kada a hukunta kowa saboda amfani da Twitter har a gama shari'a. A ranar na ƙara masa nama a miya, shi ma ya gane dalili, bai ce komai ba.

Gaskiyar magana, taurin kaina yana da asali. Ni da katanga mun daɗe da sanin juna. A makarantar kwana, cikin shekarun 1990, laifi ne babba a kama ki da littafin Hausa na soyayya. Ranar bincike a zazzage akwatuna, a kwashe, a ba ki noma ko wankin banɗaki. Shin mun daina karantawa? Ina! Mukan yi wa littafi bango da takardar siminti mu rubuta Lissafi a kai. Mukan yaga shi gida uku don mutum uku su karanta a lokaci guda, in an kama ɗaya biyu su tsira. In an kashe fitila sai mu shige cikin bargo da 'yar tocila. A cikin bargon nan na fara sha'awar zama marubuciya.

Bayan na shiga sana'ar kuma na ga wata. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma aka yi doguwar taƙaddama tsakanin hukumar da marubuta kan batun rajista. Ba zan ɓoye ba, a cikin littattafan wancan zamani akwai waɗanda ni ma ba zan miƙa wa 'yata ba. Amma ku dubi inda muka kwana. Littafin takarda yana da sunan marubuciya a bango, yana da maɗaba'a, yana da shagon da za a je a tuhuma. Yau rubutu ya koma cikin waya, inda wasu ke sayar da batsa tsirara da sunayen ƙarya, babu mai tacewa, babu mai tuhuma. Ba tacewa kaɗai ce ta kore mu daga takarda ba, tsada da zamani sun fi ta ƙarfi. Sai dai abin da aka so a kashe da wuta bai mutu ba, wuri kawai ya sake.

To da wannan ƙwarin gwiwa na ci gaba da bin ɓarauniyar hanyata, ina jin kaina wata jaruma. Ashe banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da yaron ya sa mini ta kyauta ce, kuma ba a jima ba na fara biyan kuɗinta ta wata fuskar. Batirin da ke kai ni la'asar ya koma mutuwa kafin azahar. Data ta riƙa zurarewa kamar ruwa a kwando. Hoton bangon littafi ɗaya sai in gama yanka alayyahu bai tafi ba. Wata rana na manta mabuɗin nan yana kunne na shiga manhajar banki don in ga ko wata ta turo kuɗi. Su kuwa suka ga wani daga Turai yana ƙoƙarin buɗe asusun wata mata ta Kano, suka kulle shi don kare ni. Sai da na yi wuni biyu a layi kafin a buɗe.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne talla. Duk sanda na kunna manhajar sai ta cika fuskar wayar da tallace-tallace, wani na caca, wani na mata rabin tsirara. Ranar da na so ƙasa ta tsage in shige ita ce ranar da surukata ta zo, na zauna kusa da ita zan nuna mata hoton jikarta, sai ga wata Baturiya ta bayyana da ɗan kamfai. Tsohuwa ta yi salati ta kawar da kai. Har ta koma gida ba mu haɗa ido ba.

Da na yi wa ɗana ƙorafi sai ya ce, "Umma, kwamfutocin nan da ke Turai kuɗi ake kashewa a kansu. Wanda bai karɓi kuɗinki ba, ta wata hanya zai fanshe." Ya ce ko da mai manhajar bai iya karanta cikin kowace wasiƙa ba, ya san gidajen da nake aikawa, da lokacin, da sau nawa, kuma akwai masu tara irin wannan bayani su sayar. Jikina ya yi sanyi. A littattafaina sau nawa na rubuta yadda 'yar aike ta tona asiri, ko ta kai wasiƙa hannun kishiya? Ko banza ita yarinyar littafi ta san 'yar tallarta, ta san gidansu. Ni kuwa na damƙa sirrina ga wanda ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, don kawai an rufe mini ƙofar gaba.

Na ba wata mai karanta littattafaina da ke Njamena wannan labari, sai ta yi mini dariya. Ta ce, "Anti, ku yanzu kuka fara." Su a Chadi an toshe musu WhatsApp da Facebook da sauransu tun daga Maris na 2018 har Yuli na 2019, wata 16 cur, a zamanin marigayi Idriss Deby, ga data da tsada, ga VPN tana ƙara cinye ta. Wata kuma daga Maraɗi ta tuna mini cewa a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an ɗauke musu intanet na waya kusan kwana goma. Sai na tuna lallai a kwanakin nan na ji su shiru, har na zaci sun daina son labarin ne. Ta ce, "Mu ai ba katanga aka yi mana ba, hanyar ce aka naɗe gaba ɗaya." Na ji maganarta, amma ban fahimce ta ba sai da Satumba ta zo.

Ranar 3 ga Satumba, 2021, aka rufe dukkan layukan waya a Jihar Zamfara, don a katse sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ba sabon abu ba ne, an taɓa yin haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013. Amma wancan a rediyo na ji shi, wannan kuwa a jikina. Ƙanwata da muke ciki ɗaya tana aure a Gusau, ga ta da tsohon ciki, watan haihuwarta ke nan, kuma haihuwarta ta baya da ƙyar aka sha. Kullum sai mun yi waya safe da yamma. Rana ɗaya na kira, aka ce ba a samun lambar.

Don jahilci na ruga wurin ɗana na ce, "Maza ka gaya mini yadda za ta sa abin nan naka a wayarta."

Ya girgiza kai ya ce, "Umma, VPN a kan sabis take hawa. Inda babu sabis ba ta da amfani. 'Yar aike ma ai sai da hanya take tafiya."

Kwana goma sha ɗaya ban ji ɗuriyarta ba. Abinci ba ya shiga, barci sai ɓarawo. In na rufe ido sai in ga naƙuda ta kama ta tsakar dare, babu wayar da za a kira mai mota. Na buɗe Twitter da mabuɗina, ga duniya duk a tafin hannuna, ina iya ganin abin da ake ci a Amurka, amma na kasa sanin ko 'yar'uwata tana raye a Gusau. A ƙarshe Baban yara ne ya ce mu koma gidan jiya. Na rubuta wasiƙa da biro a takardar littafin makaranta, ya kai tasha ya ba wani direba da ke bin hanyar Funtuwa da Tsafe, ya haɗa masa da ɗan na goro. Bayan kwana uku direban ya kira mu daga tasha, ya ce a zo a karɓi amsa. Hannuna yana rawa na warware takardar. Rubutun mijinta ne: "Yaya, ta sauka lafiya tun ranar Talata, an samu mace. Ki yi haƙuri, babu yadda za mu sanar da ke." Na zauna a tsakar gida na yi kuka mai isata. Sai farkon Oktoba sabis ya dawo cikin Gusau na ji muryarta, mutanen ƙauyuka kuwa sun daɗe bayan haka suna jira.

Daga nan na rage cika baki. Katangar da nake alfaharin haurawa ta masu gata ce, masu babbar waya da kuɗin data da ɗa ɗan jami'a. Talakan da aka naɗe wa hanya ba shi da tsanin da zai taka.

Saura ƙarashen, wanda shi ne ya fi yi mini wuyar faɗa. Autana a lokacin shekararsa 14. Tun zaman gida na korona a 2020 muka ajiye wata waya a gida don karatun yara, yayansa ya sa mata tsarin da ke toshe shafukan banza. Ni da kaina na sa a yi, kuma hankalina kwance yake. Wani dare cikin Nuwamba an ɗauke wuta, na fito zan sha ruwa, sai na hangi haske yana fitowa daga cikin bargonsa. Na yi murmushi, na tuna 'yar tocilata ta makaranta. Na lallaɓa na yaye bargon. Abin da na gani a fuskar wayar nan bakina ba zai iya faɗa ba. A samanta kuma ga ɗan mabuɗin nan, irin nawa sak.

Na fizge wayar na ɗaga ta sama zan rotsa ta da ƙasa. Na ce, "Wane ɗan iskan ne ya koya maka wannan?"

Ya durƙusa yana kuka, ya ce, "Umma ki yafe mini. A wayarki na ga yadda ake yi. Ranar da kika ba ni in saka miki kati ne tallan ya fito, na danna."

Hannuna ya tsaya a sama. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na shigo da 'yar aiken nan gidana, ni na yi ta yabonta a gaban yara ina cewa babu katangar da za ta tare ni, ni na miƙa masa wayar da hannuna. Yaro ya ji, ya gani, ya kuma ɗauki darasi. Ga ni kuma tsaye da waya a sama, zan yi mata abin da aka yi wa littattafai a 2007.

Ban fasa ta ba. Na ce ya je ya kwanta, ni kuwa ban runtsa ba. Da safe na gaya wa Baban yara. Na zaci zai yi faɗa, sai ya dube ni ya ce, "To Hajiya mai haura katanga, yau ke ce hukumar tacewa?" Ban da amsa. Amma da na nutsu na ce masa har yanzu ina ganin bambanci. Yaro ɗan shekara 14 amana ne a hannuna, dole in yi masa shinge, kuma ina cikin gida ɗaya da shi, zai iya tambayata dalili in ba shi amsa. Baligi mai neman abincinsa kuwa wani abu ne daban. Ya ce, "Na ji. Amma shingen naki ya hana?" Na ce bai hana ba.

Abin da muka yi shi ne, an mayar da tsarin toshewar, an goge manhajar daga wayar gida. Muka kafa doka cewa duk wayar gidan nan a falo take kwana, har da tawa da ta Alhaji, don kada a ce da wa aka gaza. Sannan na yi abin da ya fi fasa waya wuya, na zaunar da yaron nan na yi masa magana a kan abin da iyayenmu ba su taɓa yi mana magana a kai ba. Na gaya masa cewa abin da ya gani sana'a ce ta masu neman kuɗi da mutuncin mutane, kuma tana ɓata wa namiji yadda zai dubi mace har ya girma. Kunya kamar ta kashe ni, shi ma kansa yana ƙasa. Abin da na kasa faɗa na bar wa yayansa da mahaifinsa. Ba zan ce muku daga ranar ya zama waliyyi ba, zuciyarsa ba a hannuna take ba. Abin da na sani shi ne bayan wasu watanni ya zo da kansa ya nuna mini wani saƙon banza da abokinsa ya turo masa, ya ce yaya zai yi. Da na rotsa wayar a daren nan, da bai zo ba.

Ranar 13 ga Janairu, 2022, aka buɗe Twitter, bayan kwana 222, gwamnati ta ce kamfanin ya amince da sharuɗɗanta, ciki har da yin rajista a Nijeriya da biyan haraji. A watan Yuli na shekarar kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Koo, dandalin nan na Indiya da manyan gwamnati suka koma a lokacin hanin, ya rufe a 2024. Shi kansa Twitter ya sake hannu a 2022, ya koma X a 2023. Ni kuwa a safiyar da aka buɗe na goge manhajar daga wayata, na ji kamar na sallami baƙon da ya daɗe yana leƙa mini ɗaki. Wasu daga cikin abokan cinikina na bakin titi sun dawo, wasu har yau ban sake ganinsu ba.

'Yan'uwana mata, musamman masu sana'a a waya, ga 'yar shawarata. Idan wata rana larura ta sa kika bi irin wannan hanya, ki tambayi wanda ya sani kafin ki ɗauki ta kyauta, ki san wa kika ba saƙonki. Kada ki shiga banki tana kunne, kada ki miƙa wa yaro wayar da take ciki. Ki riƙa duba saman wayar 'ya'yanki, in kin ga ɗan mabuɗi ki san an haura miki shinge. In kuma kin kama, ki tuna da irin bargon da ke ma kika taɓa shiga, ki sauke hannu, ki zauna a yi magana.

Jaririyar Gusau yanzu ta shiga makaranta, wasiƙar haihuwarta kuma tana nan a cikin akwatina, na adana mata har ta iya karatu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa kada a sake naɗe wa kowa hanya. Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, don ci gaban labarinmu.

Taku har kullum.